Filin Uwargida: Burodin Ayaba Ba Tare Da Alkama Ba

Akwai mutanen da alkama ke yi wa illa. Dalili kuwa shi ne wani sinadari da ke cikinta mai suna gulutin, wanda ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Mai cutar da likitoci ke kira siliyak, in ya ci ko kaɗan ne, sai ya ɓata masa bangon ƙaramin hanji, ya jawo zawo da rama da ƙarancin jini. Amma ba sai ya haƙura da burodi ba, gama shinkafa da dawa da gero da acca ba su da gulutin.

To, uwargida, ki samo ayaba 3 da suka nuna luguf, ki murƙushe su. Ki fasa ƙwai 2, ki zuba sukari rabin kofi da man gyaɗa sulusin kofi. Sa'an nan ki kawo garin shinkafa mai laushi kofi 2, da bekin foda ƙaramin cokali 2, da ɗan gishiri, ki gauraya. Ƙwai da ayaba su za su riƙe burodin a madadin gulutin. Ki shafa wa gwangwani mai, ki gasa a wuta matsakaiciya kamar minti 50. In kika soka tsinke ya fito tsaf, ya gasu. A bari ya huce kafin a yanka, don kada ya marmashe.

Sai dai a yi hattara. Injin da aka niƙa alkama, da rariyar da aka tankaɗe fulawa, suna iya gurɓata garin. Don haka a daka a turmi mai tsabta, a ware rariya dabam.