Ba Shi Ne Mahaukacin Ba

Da zarar bidiyon tseren babur cikin ruwan sama ya shigo wayoyinmu, hukuncin da ake yanke wa mai tseren ba ya canjawa. Wani ya ce bai san darajar rai ba, wani ya ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa har suka rasa abin yi da kansu, wani kuma ya ɗauko wa'azi ya ce wannan kisan kai ne a fakaice. Ana gama faɗa sai a tura bidiyon gaba, musamman idan akwai inda wani ya sha ƙasa. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina ganin mafi yawan masu yanke shi ba su taɓa tambayar abin da ya faru kafin daƙiƙa talatin ɗin da suka kalla ba.

Mutumin da nake karewa ba shahararre ba ne irin su Marc Marquez da kamfani ke biya miliyoyi. Ɗan kulob ne a Ingila, mai gyaran famfo ko direban babbar mota ko malamin makaranta, wanda ke tsere don sha'awa, da kuɗin aljihunsa. Irinsu suna da ƙungiyoyi da suka daɗe. Wadda ake yi wa laƙabi da Bemsee tun 1909 take, kuma har yau tana shirya gasa a filaye irin su Brands Hatch da Snetterton da Cadwell Park. Ran Juma'a da yamma mutumin nan zai tashi daga aiki, ya loda babur da tayoyi da akwatin sifana a bayan mota, ya yi tafiyar sa'o'i, ya kwana cikin motar ko cikin tanti a gefen fili. Matarsa ko ƙaninsa ko wani abokinsa shi ne bakanikensa. Idan ya ci gasar, abin da zai samu sau da yawa ɗan kofi ne da bai kai kuɗin man da ya ƙona ba.

Kafin ya taka kwalta sai ya mallaki lasisin tsere daga hukumar ACU, wadda ke kula da wasan babur a can. Idan sabon shiga ne, dole ya ɗora riga mai ruwan lemo a kan kayansa, don duk wanda ya taho a bayansa ya san ɗan koyo ne a gaba, ya ba shi sarari. Ba zai cire rigar ba sai ya kammala adadin tseren da aka gindaya masa. Da sassafen Asabar kuma sai ya tura babur gaban masu bincike. Su duba birki, su girgiza sitiyari, su tabbatar an ɗaure noti na magudanar baƙin mai da waya yadda ba zai kwance ba. A ƙarƙashin inji akwai kasko da zai tare mai in injin ya fashe. A lagireto ruwa zalla ake zubawa, ba a yarda da sinadarin hana daskarewa ba, domin in ya zube a kwalta santsinsa na iya kayar da mutum goma da ke biye. Hular kwano ma sai an jujjuya ta, haka rigar fata da safar hannu da takalmi. Duk wanda abu ɗaya nasa ya gaza, ya koma ya gyara ko ya zama ɗan kallo, kuɗin shigarsa kuwa sun tafi.

To, yanzu sai ruwa ya sauko, kamar yadda ya saba yi a Ingila ba tare da sallama ba.

A nan ne masu zagi suke ganin hauka, a nan ne kuma ni nake ganin lissafi. Tayar da ake tsere da ita a busasshiyar kwalta sumul take, babu zane ko ɗaya, kuma sai an lulluɓe ta da bargon lantarki ta yi zafi wajen digiri 80 kafin ta kama ƙasa sosai. Irin wannan taya a cikin ruwa ba ta da maraba da sabulu. Ta ruwa daban ce: robarta laushi ce, an tsattsaga mata hanyoyi masu zurfi da ke watsar da ruwan gefe. Amma ita ma tana da nata sharrin. In ruwan ya ɗauke, kwalta ta fara shan iska, robar nan mai laushi sai ta ɗau zafi ta fara ɓarɓashi, har ka ga mai tsere yana barin busasshen layi da gangan yana bin inda ruwa ya kwanta don ya sanyaya ta. Saboda haka mafi wuyar sa'a a wurin ɗan kulob ita ce wadda sama ta ƙi yanke shawara, ana yayyafi ana ɗaukewa, saura minti ashirin a kira ajinsa, shi kuma ƙafafun babur biyu kacal yake da su na canji. Yana kallon hadari, yana kallon kwalta, yana kallon abin da maƙwabcinsa ya ɗaura. In ya yi kuskure, ko dai ya ƙare a ƙarshen layi, ko ya lalata tayar ɗaruruwan fam cikin zagaye takwas.

Tuƙin kansa ma wani abu ne daban. A cikin ruwa ba a finciko birki, matsa shi ake yi sannu a hankali, tun daga nesa, babur yana tsaye cak kafin a shiga kwana. Totur ma ba a murɗa shi da zuciya. Mai tsere yana rataya jikinsa can gefe domin babur ɗin ya rage kwanciya, tayar ta samu faɗin da za ta taka. Yana gudun farin fentin da ke bakin hanya kamar yadda ake gudun maciji, domin fenti in ya jiƙe ya fi kwalta santsi nesa ba kusa ba. Gilashin hularsa yana yin hazo da numfashinsa, feshin ruwan na gabansa yana rufe masa ido, abin da yake hange kawai jar fitilar da doka ta ce kowa ya kunna a bayan babur idan an ayyana tseren a matsayin na ruwa. Shi ya sa 'yan kulob da yawa suke son ruwan. Ƙarfin inji ba ya amfani sosai a ranar, mai tsohon babur da sanyin hannu yakan wuce mai sabo da zafin kai. Mai garaje shi ne farkon faɗuwa. Wannan wasa da ake cewa na mahaukata ne, a ranar ruwa mai haƙuri yake saka wa.

Kuma in ya faɗi fa? Yakan faɗi, ba a musu. Sai dai a ina? A fili da aka gina don faɗuwa, inda bayan kowace kwana akwai ciyawa ko tsakuwa mai zurfi da za ta sha gudunsa, babu tirela mai tahowa ta gaba, babu akuya, babu yaro mai tsallaka titi da tallan gyaɗa. A kowace kusurwa akwai 'yan sa-kai cikin kaya masu ruwan lemo, tsaye cikin ruwan tun safe ba don albashi ba, da tutoci a hannu. Rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, kada wanda ya wuce wani. Mai ratsin ja da rawaya tana nufin kwalta ta yi santsi. Ja kuwa an tsayar da tsere ke nan, kowa ya koma. Likita da motar asibiti suna nan, in babu su ba a sakin babur ko ɗaya.

Na san abin da za a ce mini: ai duk da haka ana mutuwa. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye sunan da ya fi kowane nauyi a wannan magana ba. Joey Dunlop, ɗan Ireland ta Arewa, wanda ya ci tseren TT na tsibirin Man sau 26, ya rasu ranar 2 ga Yuli 2000 a Tallinn ta ƙasar Estoniya, yana kan gaba a tseren ƙananan babura, hanya a jiƙe, babur ya ƙwace masa ya bugi bishiya. Ƙaninsa Robert ya rasu a 2008, ɗan Robert ɗin, William, ya bi su a 2018, dukansu a kan babur. Amma a lura da inda waɗannan suke tsere. Titin gari ne ake rufewa, da bishiyoyinsa da katangun dutse da turakun waya. Zagayen tsibirin Man ya kai kilomita 60, kuma ya ci rayuka fiye da 250 tun da aka fara amfani da shi. Wanda ya ce wannan nau'in ya wuce gona da iri, zan zauna in saurare shi da kunne biyu, don su kansu mutanen can suna wannan gardama a tsakaninsu. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ɗauki bishiyar Tallinn a jingina wa mai gyaran famfon da ke zagaya Snetterton, inda in ya zame tsakuwa ce za ta tare shi. Ko a tsibirin Man ɗin ma yanzu ba a sakin tsere in hanya ta jiƙe, har babban tseren ƙarshe na 2012 sai soke shi aka yi saboda ruwa.

Akwai kuma son zuciya a irin bidiyon da muke zaɓa. Kowa ya san na Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, a Ostiriya cikin Agustan 2021: ruwa ya sauko saura 'yan zagaye, na gaba suka shiga canja babur, shi ya ƙi, ya lallaɓa da taya sumul yana tangaɗi har ya ci. Abin burgewa ne, na yarda. Amma wa ya taɓa turo maka labarin Silverstone na Agustan 2018? A ranar Asabar ruwa ya kwanta a sabuwar kwaltar da aka shimfiɗa, babura suka riƙa yawo a kansa kamar kwalekwale, Tito Rabat ya faɗi, babur ɗin wani ya same shi ya karya masa ƙafa. Ran Lahadi dubban 'yan kallo sun zauna cikin ruwa sa'o'i, an sayar da tikiti, gidajen talabijin na duniya suna jira, aka ce ba za a yi ba. Aka soke gasar ɗungurungum, shekara ta zagayo aka sake kwaltar. Wannan shi ne ainihin halin wasan, amma ba ya yawo a waya domin babu wanda ya tashi sama a cikinsa.

Zancen ƙoshi kuwa, a bar shi kawai. Mu da ke cika fili don kallon dambe, muna kirari ana zubar da haƙora, mu da ke da filin sukuwa a Kano da filayen folo a Kaduna da Katsina, ba mu ne za mu koya wa wani cewa namiji ba ya kashe dukiyarsa ya sa jikinsa a haɗari don abin da ransa ke so ba. Mai doki yana ciyar da dokinsa kafin ya ci, ba wanda ya kira shi mahaukaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke yanke hukuncin. Sau nawa yake rubuta shi yana zaune a bayan ɗan acaɓa, su uku a kan babur ɗaya, cikin ruwan Agusta, taya ta suɗe har zare ya fito, direban ya rufe kai da leda, ido rabi a buɗe? A farkon 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta ce kowa ya sa hular kwano, wasu a Kano ƙwarya suka kifa a kai, duniya ta yi dariya, mu ma muka taya ta. Shekaru sun wuce, har yau kai a buɗe ake yawo. Mutum nawa ne cikin masu hawa babur kullum aka taɓa gaya wa cewa ruwan farko bayan dogon rani shi ne mafi mugunta, domin yana taso da man da ƙurar da suka daɗe a kwalta? Mutum nawa aka koya wa ya guji fenti da murfin kwalbati na ƙarfe, ko ya gama birki kafin ya karya kwana? Ɗan kulob ɗin da ake zagi ya san wannan tun ranar farko, kuma shi sau 'yan kaɗan a shekara yake shiga ruwan, kowa na tafiya fuska ɗaya, likita na jiransa. Namu kullum ne, da buhun masara a gaba da mace mai goyo a baya.

Su kuma samarin da ke kallon bidiyon nan su fita rakiyar amarya suna ɗaga gaban babur a tsakiyar kasuwa, da silifa da 'yar shara, kada su ce tsere suke kwaikwayo. Sun ɗauki gudun sun bar lasisin, sun bar binciken, sun bar tutar, sun bar tsakuwar. Kuma wanda suke jefawa cikin haɗari tsohuwa ce mai tsallaka titi da ba ta sa hannu a takardar kowa ba. Kamawa da ƙwace babur an daɗe ana yi, ba su hana ba. Jihar da ke da filin da dawaki ke sukuwa ba za ta rasa kilomita biyu na kwalta da za a killace ran Asabar ba, a ce duk mai ji da kansa ya zo nan, da hula da riga, a duba birkinsa a ƙofa, motar asibiti na tsaye.

A can Cadwell Park, wanda ya zame da safe ba ya komawa kan layi da rana don kawai ya ce lafiyarsa lau. Sai likita ya duba shi, sai babur ɗin ya sake bi ta gaban masu bincike, hular da ta daki ƙasa kuma ana iya hana shi sake sa ta ko da tsagar ba ta fito fili ba. In ba shi da wata, sai ya bi tantuna yana neman aro, ko ya loda kayansa jiƙe sharkaf ya kama hanyar gida, domin ran Litinin ƙarfe takwas akwai famfon da ke jiransa.