Akushi da Injin Juyi: Dalilin da Ya Sa Ya Kamata Malami Ya Koyi Sassaƙa

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi a yau zai tarar da rumfunan roba da kuloli da kwanonin silba jere reras. Idan ya nufi wajen masassaƙa, turmi da taɓarya da ƙota da muciya da allo zai fi gani. Akushi kuwa sai ya yi cigiya. Alhali a zamanin kakanni, a cikinsa ake zuba wa maigida tuwo, a rufe da faifai, ya daɗe bai huce ba. Tun a zamanin mulkin Turawa kwanonin fenti suka fara ture shi daga ɗakin amarya, daga baya roba da kula suka ƙarasa aikin. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, akushi yana da sauran rayuwa idan aka karɓe shi a matsayin kayan ado, kuma malamin makaranta, musamman na Hausa, yana cikin waɗanda suka fi dacewa su ɗauki sassaƙa shi da injin juyi a matsayin abin sha'awa a lokacin hutunsu.

Yadda injin yake aiki

A sassaƙar gargajiya, icce yana zaune wuri ɗaya, hannun masassaƙi ne ke kai da komo da gatari da gizago. A injin juyi kuwa, iccen ake ɗaurewa ya riƙa juyawa da sauri, mai aiki ya ɗora ƙarfe mai kaifi a kan madogari, yana shafto shi sannu a hankali har siffar da yake so ta fito. Da haka ake samun akushi ko tulun furanni ko ƙaramin mazubi mai murfi wanda da'irarsa ta daidaita ta kowane gefe. Kafintoci a biranen Arewa sun daɗe suna amfani da irin wannan inji wajen fitar da ƙafafun kujeru da na gadaje.

Aikin yana da ƙa'idojinsa. Ɗanyen icce ya fi sauƙin shafta, amma yana motsi idan yana bushewa. Saboda haka gwanaye sukan fara fitar da siffar, su bar kaurin bango ya kai kimanin kashi 1 cikin 10 na faɗin mazubin, su ajiye shi a inuwa na wasu watanni, sannan su mayar da shi kan inji su ƙarasa. Sukan kuma kauce wa tsakiyar icce, domin daga nan tsagewa take farawa. Wanda ya yi gaggawa a lokacin hunturu, zai wayi gari ya ga aikinsa ya dare gida biyu.

Wannan fasaha tsohuwa ce ƙwarai. Akwai zanenta a wani kabari a Masar wanda aka yi kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda mutum ɗaya ke jan igiya yana juya iccen, ɗayan yana riƙe da ƙarfe. A kasuwar Marrakesh ta Maroko har yanzu ana ganin masu juya icce da baka, suna tallafar ƙarfen da yatsun ƙafa. A Ingila, George Lailey ya yi ta fitar da akusan icce da injin da ake takawa da ƙafa har zuwa rasuwarsa a 1958. Bayansa sai aka ɗauka sana'ar ta mutu, amma masu sha'awa suka nazarci kayan aikinsa da aka adana a gidan tarihi a garin Reading, suka farfaɗo da ita. A Amurka kuma, ƙungiyar masu wannan aiki da aka kafa a 1986 ta tara dubban mutane, da yawansu ma'aikata ne da 'yan fansho da ke yin sa don nishaɗi. Darasin a fili yake: inda kasuwa ta saki wata sana'a, sha'awa tana iya riƙe ta.

Me ya haɗa malami da sassaƙa?

Hujja ta farko ta shafi harshe. Ɗalibin Hausa a kwalejin ilimi yana karanta sana'o'in gargajiya, ya haddace sunayen kayan aiki, ya zuba su a takardar jarrabawa. Sau da yawa bai taɓa riƙe gizago ba. Irin wannan malami idan ya tsaya gaban aji, kalmomi ne kawai zai miƙa wa yara, su kuma su manta da su bayan jarrabawa. Wanda ya taɓa aikin kuwa ya san dalilin da ya sa ake neman ƙirya don turmi, aduwa don allo, danya don akushi. Ya san warin maɗaci da taurin marke. Kalma tana rayuwa ne muddin akwai hannun da ke aikata abin da take nufi.

Hujja ta biyu ta shafi tarbiyya. A 1982 aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 da nufin yaro ya fita ƙaramar sakandare da wata sana'a a hannunsa. An shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da rashin malaman da suka iya sarrafa su. Babban abin da ya ɓace a lokacin shi ne malami mai son aikin hannu don kansa. Yaro yana kwaikwayon abin da ya ga malaminsa yana girmamawa. Idan ya ga mai takardar shaidar malanta ya naɗe hannun riga yana shafta icce da fara'a, zai daina ɗaukar aikin hannu a matsayin makomar wanda boko ya gagara.

Hujja ta uku ta shafi malamin kansa. Koyarwa aiki ne da ba a ganin sakamakonsa da wuri. Wani iri sai bayan shekara ashirin yake tsirowa. Mutumin da ke irin wannan aiki yana bukatar wani abu da zai fara da yamma, ya ga ƙarshensa da idonsa. Sa'o'in da ake ɓatarwa a majalisa ko a kan waya sun isa a fitar da mazubi mai kyau. In an dace, a sami mai saye cikin masu neman kyautar biki ko adon falo. Sai dai wanda ya shiga don kuɗi kaɗai zai yi saurin gajiya.

Abin da masu suka za su ce

Wasu za su ce ƙasar Katsina tana fama da ƙarancin itatuwa, don me za a ƙaro masu sara? Wannan magana tana da nauyi. Amma itacen girki da gawayi su ne ke cinye daji. Guntun reshen da ba zai dafa tukunyar wake ba ya isa a fitar da mazubin da zai shekara hamsin. Bedi, wato darbejiya, ya cika titunan Dutsin-Ma da Kurfi, ana kuwa sassabe rassansa a kai a kai. Ga mangwaron da ya daina 'ya'ya, ga wanda iska ta kayar da damina. Sharaɗin shi ne mai sha'awa ya haramta wa kansa sare icce mai rai, ya kuma dasa wani a madadin kowane gungume da ya amfana da shi.

Wasu kuma za su ce injin zai ƙwace abincin masassaƙan gado. Gaskiyar ita ce roba ta riga ta ƙwace kasuwar akushi tun kafin a yi zancen inji. Kuma inji da'ira kawai ya iya. Sanin icce, da baƙanta akushi da wuta, da zanen da ake yi masa da ƙarfe mai zafi, da shafe shi da man kaɗe, duk suna hannun masassaƙi. Dole mai koyo ya je ya durƙusa gabansa, ya biya shi ladan koyarwa. Ta wannan hanya dattijon da 'ya'yansa suka guje wa sana'ar zai sami magada daga inda bai zata ba.

Saura batun wuta da tsada da haɗari. Misalin Maroko da na Ingila ya nuna ana iya aikin ba tare da lantarki ba, kuma maƙeri ko mai walda zai iya haɗa injin takawa da ƙafar tsohon keken ɗinki. Haɗari kam akwai shi. Ba a tsayawa gaban inji da babbar riga ko mayafi mai lilo, ba a aiki sai da kariyar fuska da ta hanci, ba a kuma barin yaro shi kaɗai da shi.

Kammalawa

Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga kuma masassaƙa a ƙauyukan da ke kewaye da ita har zuwa Kurfi. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a rumfa ɗaya. Ɗalibai goma masu sha'awa, da inji ɗaya, da dattijon masassaƙi da zai riƙa zuwa sau ɗaya a mako, sun isa a fara. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin da zai koyar da yaran gobe ma'anar akushi, a shekarunsa na kwaleji ya fi dacewa ya fitar da nasa na farko, ko da ya karkace.