RA'AYINMU: Sawun wayarmu ya zama haja a kasuwa

A watan Nuwamba na shekarar 2020 wata kafar labarai ta Amurka mai suna Motherboard ta fallasa cewa manhajar Muslim Pro, wadda jama'a ke sa wa a waya domin sanin lokutan salla da alƙibla, tana miƙa bayanan wuraren da masu amfani da ita suke ga wani kamfani mai suna X-Mode, shi kuma yana sayarwa ga masu saye, ciki har da 'yan kwangilar da ke yi wa rundunar sojan Amurka aiki. A lokacin an sauke manhajar kimanin sau miliyan 98 a duniya, kuma da wuya a ce babu ita a wayoyin gidajenmu na Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja wani abu, suka kuma yanke hulɗa da X-Mode. To amma maganar ta riga ta fito: inda mutum ya kwana da inda ya yi salla da asibitin da ya kai matarsa, duk sun zama kayan sayarwa, akwai dillalai, akwai farashi.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin yake, domin hanya biyu ce. Ta farko ita ce turakun sadarwa. Muddin waya tana kunne da layi a ciki, tana magana da turken da ya fi kusa da ita, kamfanin layin kuma yana rubuta wane turke ne da wane lokaci duk sa'ad da aka yi kira ko aka aika saƙo. Ko ƙaramar waya mai tocila ba ta tsira daga wannan ba. Ta biyu ita ce manhajojin babbar waya, irin su na wasa da na hasashen yanayi da na bashi, waɗanda ke neman izinin sanin inda kake, ka danna "na yarda" ba tare da ka karanta ba. Suna haɗa wurin da wata lamba da ke cikin wayar wadda aka yi domin masu talla, su sayar wa dillalan bayanai. Dillalan sukan ce ai babu sunan kowa a ciki. Wannan magana ce ta yaudarar yara, domin wayar da take kwana a gida ɗaya kullum, ta wuni a shago ɗaya, ba ta bukatar a rubuta mata suna.

A Amurka, kotun ƙoli ta yanke hukunci a shekarar 2018, a shari'ar Carpenter, cewa ɗan sanda ba zai karɓi tarihin wuraren da wayar mutum ta je daga kamfanin waya ba sai da waranti daga alƙali. Sai hukumomi suka zagaya ta bayan gida, suka tafi kasuwa. A watan Janairun 2021 hukumar leƙen asirin sojan ƙasar ta amsa wa Sanata Ron Wyden a rubuce cewa tana sayen irin waɗannan bayanai kuma ba ta ganin hukuncin ya shafi abin da aka saya da kuɗi. A 2022 ƙungiyar EFF da kamfanin dillancin labarai na AP suka bankaɗo wani kamfani, Fog Data Science, da ke sayar wa ƙananan ofisoshin 'yan sanda wata manhaja a kan abin da bai wuce dala 7,500 a shekara ba ga wasunsu. Ɗan sanda zai zana akwati a kan taswira, ya zaɓi rana da sa'a, sai ya ga duk wayoyin da dillalin ke da sawunsu a wurin, sannan ya bi kowace zuwa gidan da take kwana. Sai a Janairun 2024 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta hana X-Mode sayar da bayanan wurare masu haɗari kamar wuraren ibada da asibitoci.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a nan ma gemun ya daɗe da soma hayaƙi, sai dai ta wata ƙofar.

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya tabbacin sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Amma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan kiraye-kiraye na tsawon shekara biyu, sannan ƙa'idojin da hukumar NCC ta fitar sun ba babban jami'in ɗan sanda ikon neman waɗannan bayanai, wato wa ya kira wa, yaushe, kuma daga ina, ba tare da ya je gaban alƙali ba. Abin da ɗan sandan Amurka yake zagayawa ya saya, namu da wasiƙa yake samunsa. Kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya nuna a rahotonsa na Fabrairun 2020 yadda aka yi amfani da wannan dama. A watan Agustan 2018, da 'yan sanda suke neman Samuel Ogundipe na jaridar Premium Times saboda labarin da ya rubuta a kan rahoton Sufeto Janar game da Lawal Daura, sai suka fara riƙe abokiyar aikinsa, suka sa ta kira shi da wayarta. A sauran misalan da rahoton ya kawo ma haka aka yi: a duba wanda kake yawan kira, a kama shi, a yi tarko da shi. A Nuwamban 2022 kuma aka ɗauko wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse zuwa Abuja saboda abin da ya rubuta a Twitter a kan Aisha Buhari, kuma ta bin sawun wayarsa aka kai gare shi. Sai da jama'a suka yi ca kafin aka janye ƙarar.

Ɓangaren saye da sayarwa ma ba a bar mu a baya ba. A Disambar 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Kanada ta lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 25 da ake ganin suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, waɗanda ke iya gano inda waya take da lambarta kawai. Tun 2016 Premium Times ta ba da labarin wasu gwamnonin Kudu maso Kudu da suka sayi irin wannan kaya domin leƙen abokan hamayya. A ƙaramin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA naira biliyan 4.87 domin kayan sa ido a kan WhatsApp da wayoyin Thuraya. Abin da ya fi ban takaici shi ne na watan Yunin 2024, lokacin da ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wani shafin intanet mai suna AnyVerify yana sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani da na shugaban hukumar kare bayanai Vincent Olatunji. Idan na minista naira 100 ne, nawa ne na mai sayar da tumatir a Farin Gada?

Wani zai ce to mene ne abin damuwa ga wanda bai yi laifi ba. Wanda ya yi wannan tambaya bai zauna a Jos ba. Tun daga rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, garin nan ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya koma inda nasa suke. A Legas ko Fatakwal taswirar sawun waya za ta nuna maka inda mutum yake aiki. A Jos za ta gaya maka addininsa da ƙabilarsa da ɓangaren da za a lissafa shi ranar da ƙura ta tashi. Wayar da ke kwana a Ali Kazaure, ta je Katako da safe, ta tsaya a babban masallaci ranar Juma'a, ta gama faɗin kome. Haka nan wayar da ke kwana a Unguwar Rukuba ta je coci ranar Lahadi, shi ya sa muke ganin wannan magana ta shafi maƙwabtanmu kamar yadda ta shafe mu. Sai dai mu da ake kira baƙi, duk da kakanninmu sun zo haƙar kuza tun farkon ƙarnin da ya wuce, mun fi kowa sanin abin da ake nufi da a rubuta sunan mutum a wani littafi daban.

Ku ɗauka an yi hatsaniya a Taminus ko a mahaɗar titin Bauchi, aka zana akwatin nan a kan taswira. Su wa za su faɗo ciki? 'Yan kasuwa da 'yan dako da masu keke Napep da ɗaliban jami'a da matar da ta fito sayen magani. Turken sadarwa kuwa ba ya nuna ƙofar gida, yanki yake nunawa, kuma a unguwanninmu masu cunkoso yanki ɗaya gidaje ne ɗari da ɗoriya. Ƙari a kan haka, tun da aka tilasta haɗa layi da lambar NIN daga Disambar 2020, magidanta nawa ne suka yi wa matansu da 'ya'yansu da yaran shagonsu rajistar layi da lambarsu? Duk abin da aka yi da layin, sunan maigida ne zai fito. Mun ga kamen kan-mai-uwa-da-wabi bayan 2008 da 2010, lokacin da aka kama ɗaruruwa aka kwashi da dama zuwa Abuja, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidar kisan mutum fiye da 130 da ta ce 'yan sanda da sojoji ne suka yi a rikicin 2008, akasarinsu matasa Musulmi. A wancan lokacin ido da zato ne ma'auni. Yanzu za a zo da takarda daga kwamfuta, kuma alƙali da ɗan sanda da mai unguwa duk sun fi jin nauyin musanta kwamfuta.

Ba muna cewa a hana jami'an tsaro bin sawun masu laifi ba ne. Mu ne aka tayar wa bama-bamai a Taminus a watan Mayun 2014, mu ne ake tare wa hanya, 'ya'yanmu ake sacewa a nemi kuɗin fansa ta waya. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne saurin na'urar idan babba aka taɓa da nawarta idan talaka ne. Waɗanda suka sace fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 sun yi ta kiran iyalai har watan Oktoba. Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa na minista aka haɗa layi da NIN, shi da kansa ya koka a Janairun 2024 cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata wajen kama masu garkuwa. Talakan da aka sace wa waya ko ɗa kuwa, sau da yawa abin da ake fara ce masa shi ne ya kawo kuɗin tirakin. Aikin da ake biya kafin a yi shi, mai kuɗi zai iya sa a yi shi a kan abokin gabarsa ko wanda yake bi bashi.

Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ci gaba ce, amma ta ɗauke wa hukumomin bincike da tsaro yawancin sharuɗɗanta. Ta lissafa addini da ƙabila da ra'ayin siyasa cikin bayanai masu haɗari da ke bukatar kariya ta musamman, ba ta sa sawun waya a ciki ba, alhali a gari irin namu sawun shi ne addinin, shi ne ƙabilar. Dokar ta ba hukumar kare bayanai ikon ƙara wani abu a jerin, muna kira gare ta da ta ƙara. Muna kuma kira ga wakilinmu na Jos ta Arewa da Bassa da sanatan Filato ta Arewa su nemi a gyara ƙa'idojin NCC, ta yadda babu jami'in da zai sami tarihin sawun wani sai da izinin alƙali mai ɗauke da sunan wanda ake nema da laifin da ake zarginsa, ko daga kamfanin layi ya nema ko daga dillali ya saya. Inda rai ke cikin haɗari, a ba shi nan take ya kai wa alƙali bayani cikin kwana biyu. Idan kuma gwamnatin jiha za ta sayi irin wannan kaya domin Operation Rainbow ko wata runduna, Majalisar Dokokin jiha ta tambaya a fili: daga wa, nawa, wa ke riƙe da makulli, wa ke duba littafin waɗanda aka bi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ranar da aka sa dokar hana fita ake rubuta irin wannan doka ba.

Kafin nan akwai abin da ke hannun kowane gida. Iyaye su sa yaran da suka iya waya su duba waɗanne manhajoji ne aka ba izinin sanin wuri, a cire wa duk wadda ba ta bukata, a goge lambar talla a cikin saitin wayar. Manhajar salla tana iya aiki idan ka rubuta mata Jos da hannunka. A guji manhajojin bashi na gaggawa, waɗanda sai a 2023 kamfanin Google ya hana su taɓa lambobin mutane da hotunansu da ainihin wurin da suke. Wanda ya kai shekarun mallakar layi ya yi rajista da lambarsa, kuma kada a sayi waya ta hannu sai da rasit da sanin mai sayarwa. A sani dai duk wannan ba ya ɓoye mutum daga turken sadarwa.

Idan aka kama wani naku saboda kawai lambarsa ta fito a wayar wanda ake nema, ku sani sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya haramta kama mutum a madadin wani, sashe na 35 na tsarin mulki kuma ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu inda kotu ke da nisa. Ku rubuta rana da sa'a da ofishin da aka kai shi da sunan jami'in, ku kai wa lauya ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke nan Jos. Ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙi na 2009 sun yarda ɗan'uwa ko ƙungiya ta shigar da ƙara a babbar kotu a madadin wanda ke tsare.