Ƙasan Takalmi: Fata Ko Roba?

In mun shiga kasuwa sayen takalmi, yawancinmu samansa muke kallo. Muna duba launi da ƙyalli, mu gwada a ƙafa, mu biya kuɗi. Amma ƙasan takalmi shi ne ke taka duwatsu da taɓo da ƙaya, shi ne kuma yakan fara mutuwa. Saboda haka, iyaye, bari mu juya takalmin mu dubi ƙasansa tukuna.

Mu fara da fata. Ƙasan takalmi na fata da ƙirgi ake yinsa, watau fatar saniya da aka jeme, gama fatar akuya ba ta da kaurin da za ta jure taka ƙasa. Majeman Kano da na Sakkwato sun daɗe suna jima da bagaruwa, dukawa kuma suna ɗinki, tun kafin zuwan Turawa. Fata tana shan zufa, tana kuma bin siffar ƙafar mai ita sannu a hankali har ta zauna daidai. Amma ruwa abokin gābarta ne. In ta jiƙa sai ta yi laushi, tsakuwa ta riƙa cinta da sauri. In aka shanya ta a bakin murhu sai ta ƙandare ta tsattsage. Sabuwar fata kuwa tana da santsi a kan daɓen siminti.

Roba ta zo daga baya. Asalinta ƙaron wani itace ne, ana kuwa nomansa a kudancin Nijeriya, wajen Binin da Sapele. Da fari ba ta da amfani sosai, gama takan yi danƙo da zafi, ta taurare da sanyi. Wani mutumin Amurka mai suna Charles Goodyear ne ya gano cewa in an dafa ta da farar wuta sai ta yi ƙarƙo, ya kuwa sami takardar mallakar wannan dabara a 1844. Roba ba ta shan ruwa, tana kama ƙasa, tana kuma rage wa ƙafa zafin dutse. Aibinta shi ne ba ta shan zufa, har tsakanin yatsu ya yi ɗoyi da ƙaiƙayi in ba a kula ba. Mu lura kuma, ba duk abin da ɗan kasuwa ya kira roba ne roba ba. Akwai filastik mai tauri, mai araha, wanda ke karyewa a tsakiya, yana kuma zamewa a jiƙaƙƙen wuri. Mu lanƙwasa takalmin da hannu, mu danna ƙasansa da farce. Roba ta gaske takan lotsa ta komo.

To, wanne za mu zaɓa? Hanyar da ƙafar za ta bi ita ce za ta faɗa mana. Yaran makaranta suna komawa aji a watan Satumba, damina ba ta ƙare ba, suna gudu, suna buga ƙwallo, suna ratsa kududdufi. Roba mai zane-zane a ƙasa ita ce tasu. Kada mu raina wannan magana. Yaron da takalminsa ya mutu da damina yakan koma tafiya ƙafa ba takalmi, akwai kuwa wata tsutsar ciki da ke shiga jiki ta fatar ƙafa daga ƙazamar ƙasa, ta zauna a hanji tana shan jini, har yaro ya rame ya kasa karatu. Tsofaffinmu ma roba ta fi musu, gama faɗuwa ɗaya a bakin rijiya ko a makewayi tana iya karya ƙugun tsoho. Manomi da mai tallar ruwa, takalmin tsohuwar taya ya ishe su, ba kuwa abin kunya ba ne.

Fata kuwa ta dace da mai aikin ofis, da zuwa sujada ko biki da rani. Wanda zai saya ya tabbata ɗinki ne ya riƙe ƙasan, ba gam kaɗai ba, domin mai ɗinki in ya cinye, mai gyaran takalmi zai sake masa sabon ƙasa, saman yana nan lafiya. Akwai kuma hanyar tsakiya: a kai sabon takalmin wurin mai gyara ya liƙa masa siririyar roba a ƙasa, sai ya daina santsi, ruwa kuma ya rage cinsa.

Ko wanne muka saya, kulawa ce ke tsawaita kwanansa. In ya jiƙa, mu cusa masa tsofaffin takardu, mu ajiye shi a inuwa ya sha iska. Da hunturu mu shafa wa fata man kaɗanya kaɗan don kada ta fashe. In dunduniya ta fara karkata, mu kai gyara tun ba ta ci saman ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Takalmi ɗaya da ya kai yaro ƙarshen shekarar karatu ya fi uku masu araha da suka mutu a hanya.