Madubi a Waya: Ku Daina Sauke Tarkace, Ku Daina Danna Allow Ido Rufe

Yau faɗa na zo yi, kuma da kai nake, kai da ka shiga Play Store ka sauke manhajar madubi a wayar da ke da kyamara a goshinta.

A satin nan wata baiwar Allah ta kawo min waya shago. Wai tana zafi, caji ba ya kai ta la'asar, talla na faɗo mata ko tana tsakiyar karanta saƙo. Tun daga gida ta yanke hukunci batir ne, a canza. Da na duba sai ga manhajar madubi har guda biyu, ɗaya an ba ta izinin kyamara, da makirfo, da lambobin waya, da sanin inda mai wayar take. Na ce, Hajiya, madubin da ke ɗakinki ya taɓa tambayarki lambar ƙanwarki? Ta yi dariya. Na goge su duka biyun, na ce ta je ta gwada kwana biyu. Batirin nan har yau shi ne a wayar.

Me manhajar madubi take yi? Tana buɗe kyamarar gaba, ta juya hoton, hagu ya koma dama. Shi ke nan fa. Kyamarar da ta zo da wayarka tana yin wannan kyauta tun ranar da aka ciro ta daga kwali. In karin hula za ka gyara, ko ke za ki duba ɗaurin kallabi ko kwalli, buɗe kyamara, juya ta gaba, an gama. Wanda ya haɗa waccan manhajar ba sadaka ya yi maka ba. Talla yake sayarwa, kuma da datarka ake sauke tallan.

To ina maganar madubin burauza ta shigo? Akwai shafukan intanet da in ka shiga za su nuna maka fuskarka a sikirin ba tare da ka sauke komai ba. Sun fi amfani ga mai kwamfuta, wanda zai shiga taron bidiyo ko ganawar neman aiki yana so ya ga yadda hasken ɗakin yake da abin da ke bayansa. Ni ma ina amfani da su a shago, zan faɗi dalili a ƙasa. In dai za a sa ni zaɓi tsakanin manhajar madubi da madubin burauza, na burauza zan ɗauka, ko sau nawa aka tambaye ni. Manhaja tana zaune a wayarka dare da rana. Shafi kuwa kana rufe shi kyamara ta mutu.

Na san abin da wasu za su ce, don ina ganin saƙon yana yawo a WhatsApp: wai duk shafin da ka shiga yana iya kunna kyamararka a ɓoye yana kallonka. Don Allah a daina tura wannan. Ba haka burauza take aiki ba. Shafi ba ya isa ga kyamara sai Chrome, ko Firefox, ko Safari ta tsaya ta tambaye ka, kai da kanka ka zaɓi Allow ko Block. Tun ƙarshen 2015 ma Chrome ya hana shafin da adireshinsa bai fara da https ba neman kyamara kwata-kwata. A iPhone, tun iOS 14 da ya fito a 2020, wani koren ɗigo yana bayyana a saman sikirin duk lokacin da kyamara ke aiki. Android 12 ya kawo irinsa a 2021. Masu tura wannan saƙo suna tsorata mutane da aljanin da babu, ga ɓarawo na gaske yana shiga ta ƙofar gida suna yi masa sannu da zuwa.

Ɓarawon gaske shi ne babban yatsanka. Wannan ne ya fi ci min rai. Mutum ya saba, duk akwatin da ya faɗo a sikirin sai ya danna Allow don kawai ya kauce masa daga gaba, ko karantawa ba ya yi. To ka sani, da zarar ka danna, wannan shafin yana ganin duk abin da kyamarar ke gani. Mai shafin in ya ga dama ya bar hoton a wayarka, iyakarsa sikirin. In kuma mugu ne, zai iya ɗaukar hoton ya tura wa kansa kafin ka ƙifta ido, kai kana can kana gyara gemu. Daga waje duka biyun kamarsu ɗaya. Koren ɗigon nan yana gaya maka kyamara a kunne take, ba ya gaya maka inda hoton ya nufa.

Kada kuma wani ya ce min ai shafin yana da kwaɗo, amintacce ne. Ma'anar https ita ce hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take, na gefe ba zai leƙa ba. Bai ce komai ba game da halin wanda ke ƙarshen hanyar. Ɗan damfara ma yana samunsa, kyauta ma kuwa. Mutane sun daɗe suna ɗaukar kwaɗon nan a matsayin shaidar gaskiya, har ta kai Chrome ya cire shi a 2023 ya sa wata alama a gurbinsa.

Yanzu ka haɗa wannan da irin adireshin da ake turowa a guruf: shiga nan ka ga yadda fuskarka za ta koma in ka tsufa, shiga nan ka tabbatar da fuskarka ka karɓi kyautar data. Me ya haɗa kyautar data da fuskarka? 'Yan uwa mata, da ku nake musamman. Yawanci a ɗaki kike buɗe madubi, ba mayafi, kin saki jiki don kin san ke kaɗai ce. Hoto ɗaya ya isa a kira ki da baƙuwar lamba a ce turo kuɗi ko a watsa. Hoton da ya bar waya kuwa ba mai gyaran da zai dawo da shi. Sikirin ina canzawa, wajen caji ina canzawa, wannan ba ni da kayan gyaransa.

Saboda haka in za ka yi amfani da madubin burauza, kai za ka nemi shafin da kanka, ba wanda aka turo maka ba. Kyamara kaɗai zai nema. In ya haɗa da makirfo, ko ya ce ka yi rajista da imel ko lambar waya, fita, madubi ba ya jin magana. In burauzarka ta ba ka zaɓin Allow this time, shi za ka ɗauka. Abin da ni nake yi: in shafin ya gama buɗewa sai in kashe data da Wi-Fi, sannan in ba shi izini. Madubin kirki zai yi aiki a haka, tunda a cikin na'urarka aikin yake faruwa. Wanda ya ƙi nuna fuskata sai da intanet, na san akwai inda yake son kai ta. Ba laya ba ce fa, rage haɗari ne, kuma ka rufe shafin kafin ka mayar da data.

Sannan yau ɗin nan, ba gobe ba, buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Settings, sai Site settings, sai Camera. Za ka ga jerin shafukan da ka taɓa ba izini. Duk wanda ba ka gane ba, cire shi. Ba na mamaki in na ga biyar ko shida a wayar mutumin da yake rantsuwa bai taɓa ba kowa ba. Masu Opera Mini kuma, in madubi ya ƙi buɗewa ba wayarku ce ta lalace ba. Ita wannan burauzar tana bi da shafuka ta na'urorin kamfaninta ne tana matse su don ta rage muku data, irin wannan aiki ba nata ba ne. Ku gwada a Chrome.

Saura dalilin da na ce zan faɗa, ko da abokan sana'a za su harare ni. In kyamarar gaba ta koma baƙi ƙirin, kafin ka yarda a kwance maka waya, gwada ta a madubin burauza. In fuskarka ta fito a nan, kyamarar lafiyarta ƙalau, manhajar kyamarar ce ta rikice. Sau da yawa shiga Settings, Apps, Camera, a goge bayananta, ya wadatar. Na sha ganin wayar da aka ce wa mai ita sai an sa sabuwar kyamara, har ya biya, alhali gyaran minti biyu ne. Haka in za ka sayi waya ko kwamfuta ta hannu, gwada a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su bar aljihunka. In kuwa nan ma baƙi ne, kuma ka tabbatar ka ba burauza izinin kyamara, to yanzu ne za a yi maganar kwancewa, sai ka kawo ta shago.