Zuwa ga masu haɗa wifi a Diffa da bakin Komadugu



Daga Jami'ar Diffa zuwa ofisoshin ƙungiyoyin agaji da suka cika gari tun hare-haren 2015, ku ake kira idan wifi ya ƙi. Abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi mu sauya na'ura, alhali manhajar Wireshark za ta nuna inda cutar take.

Waya ba ta shiga WPA2 sai sun yi musayar saƙo huɗu da na'urar wifi. Ku rubuta eapol a gurbin tacewa, za su fito. Na ɗaya da na uku daga na'ura suke, duka da alamar Ack. Na ɗaya ba shi da MIC, na uku kuwa yana da MIC da Install da Secure, ga mabuɗin rukuni a kulle cikinsa. Waɗannan ba sa wahala.

Na biyu da na huɗu su ne masu rikita mutum, domin duka daga waya suke, duka da MIC. Don Allah kada ku tsaya ga lambar da manhajar ta liƙa musu, ita ma daga alamomin take hasashe. Ku buɗe saƙon. Na biyu yana ɗauke da lambar nonce ta wayar da bayanin RSN, kuma Secure a kashe take. Na huɗu ba ya ɗauke da bayanin mabuɗi, nonce ɗinsa galibi sifili ne, Secure a kunne. A tsohon WPA ma Secure ba ta kunnuwa a na huɗu, sai ku duba ƙidayar Replay Counter: na biyu yana maimaita ta na ɗaya, na huɗu ta na uku.

Amfanin wannan a hannu yake. In na ɗaya da na biyu suna ta maimaituwa, na uku bai zo ba, kusan kullum kalmar sirri ce ba daidai ba. In na uku ke ta dawowa, na huɗu ne bai isa ba, ku duba nisa da katanga. Ta wannan maimaicin Mathy Vanhoef ya nuna harin KRACK a 2017, saboda haka tsofaffin wayoyi na bukatar sabuntawa.

Sannan wanda ya kama saƙo na ɗaya da na biyu yana iya komawa gida ya yi ta gwada kalmomi har ya dace. A jihar da aka sanya wa dokar ta-ɓaci a 2015 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ku naɗi komai sai mai wurin ya yarda, ku goge fayil ɗin in an gama, kuma ku hana shi sa lambar wayarsa a matsayin kalmar sirri.

Wassalam.