Riɗinmu Ya Riga Mu Zuwa Japan

Duk wanda ke cikin guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp a ƙarshen watan Agustan 2025 zai tuna irin zumuɗin da aka yi lokacin da labari ya ɓulla cewa Japan ta "ba 'yan Najeriya gari". An yi ta tura hoton birnin Kisarazu, wasu har sun fara tambayar nawa ake yin fasfo yanzu. Abin da ya faru a zahiri shi ne, a gefen taron TICAD karo na 9 da aka yi a Yokohama, hukumar JICA ta haɗa birane huɗu na Japan da ƙasashen Afirka huɗu domin zumunci da musayar al'adu. Najeriya ta samu Kisarazu, garin da ya sauki 'yan wasanmu gabanin gasar Olamfik ta Tokyo. Sai wata sanarwa ta fito daga Abuja tana cewa za a ƙirƙiro biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta, mutanen can suka tayar da jijiyar wuya suna ta buga wa ofishin garin waya, kuma ranar 25 ga Satumba JICA ta janye shirin gaba ɗaya.

Wannan lamari ya fallasa abu biyu. Na farko, mun matsu mu fita, ko ina ne. Na biyu, ba mu san komai game da wurin da muke son zuwan ba. Ra'ayina shi ne karatu a Japan abin nema ne, musamman ga mu 'yan foli, amma wanda zai je ya san abin da zai tarar, kuma ya san abin da zai ɗebo. Ga mu 'yan masarautar Gumel kuwa, abin ɗebowar ma a bayyane yake.

Bari mu fara da zaman kansa. Akwai wani yayanmu a unguwa da ya yi digiri na biyu a can, kuma abin da yake ba mu labari ya yi daidai da abin da kusan duk ɗalibin da ya je yake faɗa. Abin da ke fara ɗaure wa baƙo kai shi ne lokaci. Idan an ce taro ƙarfe 9, to ƙarfe 9 saura minti 5 kowa na zaune. A watan Nuwamban 2017 wani kamfanin jirgin ƙasa na can ya fito ya ba fasinjoji haƙuri saboda jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Daƙiƙa fa, ba minti ba! Ka kwatanta da mu da za a sa lakca ƙarfe 8, ɗalibai su fara shigowa 8 da rabi, malami ya iso 9, sannan kowa ya ga ai ba komai.

Sai tsafta da amana. Yaran firamare su ne ke share ajinsu da farfajiyar makaranta. Shara sai ka rarraba ta, mai ƙonuwa daban, kwalba daban, gwangwani daban, kowace da ranar fitar da ita. Idan ka yar da walat a jirgi, akwai kyakkyawan zaton za ka same ta a ofishin 'yan sanda da kuɗinka a ciki.

Wani abin mamaki, yayan namu ya ce ta wasu fuskoki bai ji baƙunta ba. Suna cire takalmi kafin su shiga gida kamar mu. Suna rusunawa idan za su gaisa. Na ƙasa yana girmama na gaba da shi ko da shekara ɗaya ya riga shi shiga makaranta. Suna da kara da kawaici, har ma sun fi mu. Bajapane ba kasafai zai ce maka "a'a" kai tsaye ba, sai ya ce abin "da ɗan wuya", kamar dai yadda dattijo a nan zai ce maka "to, za mu duba". Bahaushen da ya tashi a gidan tarbiyya zai gane wannan yare tun kafin ya iya harshen.

Amma fa akwai ɗaya gefen, wanda masu ɗora bidiyo a TikTok ba sa nunawa. Harshen kansa dutse ne. Rubutu iri uku suke haɗawa: hiragana da katakana, kowanne da baƙaƙe 46, sai kanji wanda jerin na amfanin yau da kullum kaɗai ya kai 2,136. Kana iya yin karatunka da Turanci a wasu jami'o'in, amma takardar haya, wasiƙar asibiti da rubutun jikin abinci duk da Japananci suke. Kuma rubutun jikin abincin nan ba wasa ba ne ga Musulmi, domin sinadaran alade da giyar girki suna ɓoye cikin miya, burodi da alawa. Juma'a ranar aiki ce, masallatai kuma ba su da yawa, duk da cewa Musulunci ba baƙo ba ne a can: masallacin Kobe tun 1935 yake tsaye. Neman ɗaki ma wani yaƙi ne. Sau da yawa sai ka kawo wanda zai tsaya maka, ka biya wani kuɗin "godiya" ga mai gida wanda ba a mayarwa. A wani bincike da ma'aikatar shari'ar ƙasar ta fitar a 2017, kusan kashi 40 cikin 100 na baƙin da suka nemi haya sun ce an taɓa hana su saboda su baƙi ne.

Mafi nauyi kuwa shi ne kaɗaici. Mutumin da ya saba da zaman majalisa bayan Isha'i, ya saba a tambaye shi gida da gajiya da iyali kafin a shiga magana, sai ya samu kansa a jirgi cike maƙil amma tsit kamar ana jana'iza. Maƙwabcinka zai yi shekara bai san sunanka ba. Za a yi maka ladabi iyakar ladabi, amma shiga cikinsu sai a hankali. Rikicin Kisarazu ma ya nuna cewa akwai waɗanda ba sa maraba da baƙi, duk da cewa ƙasar na fama da tsufa, kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65.

Masu lissafin "in na je zan tara kuɗi" kuma su saurara. Bizar ɗalibi awa 28 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, shi ma sai da izini. Ana biyan sama da yen 1,000 a awa, in ka juya shi zuwa naira sai ka ji kamar ka zama Alhaji, amma ɗan ɗaki guda a Tokyo zai iya lashe rabin abin da ka samu a wata. Wanda ya ƙetare awannin kuma yana wasa da takardar zamansa.

To in haka ne, me ya sa nake cewa a nema? Saboda akwai abu ɗaya da suke da shi wanda mu 'yan foli muka fi kowa jin zafin rashinsa: daraja mai aikin hannu. Tun 1962 Japan ta kafa wasu kwalejojin fasaha da ake kira KOSEN. Yaro na shiga yana da shekara 15, ya yi shekara 5 tsakanin aji da wokshop, ya fito injiniyan da kamfanoni ke rububinsa. Na gwamnatin ƙasa kaɗai sun kai 51, kuma Mongoliya da Tailan sun kwaikwayi tsarin. Wato dai foli ce, amma foli mai mutunci. Mu a nan har yanzu ana jayayya kan ko mai HND ya kai mai digiri. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin soke wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ba. Ɗalibi zai fito daga sakandare ana ce masa foli wurin waɗanda jami'a ta ƙi ne, to da wane ƙarfin gwiwa zai riƙe sifana?

Yayan namu ya ce abin da ya fi canza shi a ɗakin bincikensu ƙananan abubuwa ne. Kowane ƙarfe da mazauninsa, ka ɗauka ka mayar. Duk awon da ka yi sai ka rubuta da kwanan wata, ko sakamakon bai yi daɗi ba. Kowane mako sai ka tsaya gaban farfesa da sauran ɗalibai ka faɗi inda ka kwana. Ranar shara har manyan ɗalibai sai sun ɗauki tsintsiya. Suna da abin da suke kira kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum ba fashi. Duk cikin waɗannan, wanne ne ke buƙatar biza?

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis da kaka, ka ga buhunan riɗi da ake lodawa. Daga ƙauyukan Sule Tankarkar, Gagarawa da Gumel, har da na ƙetaren iyaka daga Nijar, riɗin nan yake fitowa. Japan kuwa kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayo shi, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar mata. Suna matse mai da shi, suna barbaɗa shi kan shinkafa, suna haɗa miya. Ashe abin da iyayenmu mata ke yin kantu da shi ya daɗe yana shiga kicin ɗin Tokyo, mu kuwa muna nan muna jiran a ba mu gari.

Amma a wane hali yake tafiya? Ɗanye, a buhu, da yashi da tsakuwa, sai an kai shi Kano ko Legas a tace, man kuma a matse a can ƙasar. Ribar gaske tana wurin tacewa, awo, matsewa da ƙunshewa, duk kuma ba a hannunmu take ba. Japan na da tsauri kan ragowar maganin ƙwari a abinci: tun 2006, duk maganin da ba a ƙayyade masa iyaka ba, kada ya wuce 0.01 cikin miliyan. Mun ga abin da sakaci ya jawo wa wake, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda sinadarin da muka sani da fiya-fiya. In irin wannan ta faɗa wa riɗi, manomin Sule Tankarkar ne zai fara kuka. Wa zai auna danshi? Wa zai gwada ragowar magani? Wa zai ƙera injin sheƙewa mai arha da za a iya gyarawa a Gumel? Aikin 'yan SLT ne, da 'yan makanikal, da 'yan sashen noma. Aikinmu ne. Yankin ciniki maras haraji na Maigatari tun zamanin Gwamna Saminu Turaki yake nan yana jiran irin waɗannan hannaye.

Na san wani zai ce, malam, wanda ya samu ya fita daga wannan wahalar, don me zai dawo? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na zargin wanda ya zauna can yana aiko wa iyayensa kuɗi. Sai dai a can za ka zama ɗaya cikin dubban masu irin iliminka, a nan kuwa mai jin Japananci, wanda ya san abin da mai saye ke so, ya kuma san dillalan Maigatari da sunayensu, ba shi da na biyu. Wani kuma zai ce tsarinsu bai dace da mu ba, ai su ma aiki na kashe su, har suna da kalma ta musamman, karoshi, ta mutuwa saboda yawan aiki. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce mu kwaso duka. Zumuncinmu da gaisuwarmu ba na sayarwa ba ne. A ɗauko cika alƙawari da ingancin aiki, a bar musu kaɗaicin.

Ga masu niyya, hanyar a buɗe take kuma ba ta bi ta hannun ejan. Tallafin karatu na gwamnatin Japan, MEXT, ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja ake nema, kuma ba a biyan ko kwabo. Yana da rukunin masu bincike, na digirin farko, da na kwalejojin fasaha da koyon sana'a, ofishin ne ke sanar da waɗanda aka buɗe kowace shekara. Rukunan ƙasa suna da iyakar shekaru, ƙasa da 25, don haka irina mai 22 ba shi da lokacin ɓatawa. Akwai kuma shirin ABE da aka ƙaddamar a 2013, na digiri na biyu haɗe da sanin makamar aiki a kamfanonin Japan. Duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari biyar ya samo maka bizar Kisarazu, ɓarawo ne, ka kama gabanka.

Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, maimakon duk kuɗin mako na ɗalibai ya ƙare a kiɗa da riguna, a ware yini ɗaya a gayyato waɗanda suka yi karatu a waje su koya mana cike fom da shirin jarrabawa. Ƙungiyar Sasakawa ta Japanawa ta fi shekara 30 tana aiki da manoman Arewa, har da na Jigawa, me zai hana a nemi ta ɗauki ɗalibanmu SIWES? Malamanmu kuma, don Allah a rage ba mu furojet ɗin da za a kwafo daga na bara. A tura mu Maigatari mu auna riɗi, mu ƙera abin da manomi zai saya.

Mu kuma, gobe akwai lakcar ƙarfe 8. Mu gwada zuwa 8 saura minti 5, mu mayar da sifana inda muka ɗauke ta. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a abin da muka koya.

Daga ɗalibin ND II, ɗan masarautar Gumel